Talata, darasin intaferon

Hazo ya kwana a kan Maradi, har na hau kabu-kabu daga unguwar Zariya zuwa labo, ɗakin gwaje-gwaje, ban ga rana ba. Rabin 'yan ajinmu mura ke damunsu, sai Malam ya ce to, yau darasi ya kawo kansa, mu yi maganar intaferon.

Ashe zazzaɓi da ciwon gaɓoɓin da mura mai tsanani ke kawowa, da yawansu aikin jikin mutum ne da kansa. Ƙwayar halittar da bairos ya shiga takan saki wannan furotin, intaferon, ya bazu zuwa maƙwabtanta, kamar mai gidan da ɓarawo ya shigar masa yana ihu don unguwa ta kulle ƙofofi. Su kuma sai su shiga ƙera abubuwan da ke hana bairos hayayyafa. Alick Isaacs da Jean Lindenmann ne suka gano shi a Landan a 1957, suna gwaji da bairos ɗin mura a kan fatar cikin ƙwan kaza. Ƙwan kaza fa! Wannan ya ƙara mini ƙwarin gwiwa sosai.

Intaferon nau'in gamma ne ya fi tsaya mini a rai, saboda gwajin tarin fuka. Ana ɗibar jini, a haɗa shi da furotin na ƙwayar tarin, a ajiye a zafin digiri 37 na awa 16 zuwa 24, sannan a auna intaferon nawa fararen ƙwayoyin jini suka fitar. Allurar BCG ta rigakafin tarin fuka da aka yi mana muna jarirai ba ta rikita sakamakon, saɓanin gwajin fata. Sai dai gwajin jinin ba ya raba mai cutar a kwance da wanda ta tasar masa. Na ce, Malam, to mai tari na mako uku fa? Ya ce wannan kaki za a karɓa a sa a na'urar gwaji ta GeneXpert, kada a ɓata masa lokaci da kuɗi.

Bayan isha'i Kawu ya zo gida da takardarsa ta ciwon hanta nau'in B. Wani ya ce masa akwai allura. Na ce, Kawu, akwai, intaferon ce, sau ɗaya a mako har mako 48, tana kuma jigata mutum da zazzaɓi da kasala, ba kowa ta dace da shi ba. Da yawa ƙwayar tenofovir ake ba su. Na roƙe shi ya bar jiƙe-jiƙen kasuwa, Alhamis in raka shi wurin likita.