Yadda ɗan ƙyalle ya cinye min fim uku a Argungu

Wallahi har yau in na tuna sai na ji haushin kaina. Kyamarar ta kawuna ce, Crown Graphic mai cin fim falle-falle mai girman inci 4x5, tun lokacin da yake da shagon hoto a Birnin Kebbi, kamfanin Graflex na Amurka da ya ƙera ta ma ya rufe tun 1973. Fim ɗin falle tsada gare shi, shi ya sa na koma kan tsohon gidan fim na naɗi da ke cikin akwatinta, wanda ake cire gilashin saiti a maƙala shi a baya, yana cin naɗin fim da ake kira 120 ya ba ka hoto 8 mai girman santimita 6x9. Irin na da ne da ake murɗawa a ja fim gaba, ba mai ɗan hannun turawa ba.

Na goge shi tas, na busa ƙurar hunturu daga kan rololinsa don kar ta karce fim, na gwada naɗi ɗaya a cikin ɗaki ya fito lafiya lau. Ka ji inda na yaudari kaina, a cikin ɗaki fa.

Bikin kamun kifi na 2020 ne, watan Maris, bayan an yi kusan shekara goma ba a yi ba. Na tafi da fim ɗin Ilford HP5 naɗi uku. Rana tsaka a bakin kogin Matan Fada, ana harba bindiga mutane suka afka ruwa da gora da homa, ni kuma na zare farantin da ke tare haske gaba ɗaya na cusa a aljihu ina ta ɗauka ina murɗawa, har wani dattijo na samu ya rungumo giwan ruwa, ruwa na zuba daga gemunsa, na ce yau na gama sana'a.

Da na dawo gida na sayo ƙanƙara na sauke zafin ruwan wanki zuwa digiri 20, na wanke da dare. Ina ɗaga nagetif ɗin sai ga wani baƙin zane ya taso daga gefe guda ya ci kusan rabin kowane hoto. Duka 24. Dattijon nan ƙafafunsa kaɗai suka tsira.

Na zargi fim, na zargi maganin wanki, har zugazugin kyamarar na bi ina neman huda. Da safe na kai wa kawu, ko nagetif ɗin bai gama dubawa ba ya ce "Ɗana, ka haska mishi tocila kuwa?" Na ce wace tocila kuma Kawu. Muka shiga ɗaki ya tura ƙofa, ya zare farantin ya ɗora tocilar waya a bakin tsagar da yake shiga, sai ga haske yana tsiyayowa ciki kamar rufin da ke yoyo. Ashe ɗan ƙyallen da ke cikin tsagar, wanda aikinsa ya toshe ta in an zare farantin, ya cinye ya zama gari. A ɗaki ba hasken da zai tona asirinsa, ranar Argungu kuwa ba ta da kunya. Aikin minti biyu!

Gyaran ma abin dariya, guntun baƙin karammiski na roƙo wurin tela, na kwance ƙananan sukurorin na kankare tsohon na liƙa sabo. Ka shimfiɗa farin zane kafin ka kwance su, ni guda ɗaya ya faɗa min cikin tabarma sai da na yi rarrafe. Kar kuma ƙyallen ya yi kauri, in ba haka ba farantin zai riƙa cijewa.

Wasu na kukan hotuna na hawa kan juna a irin waɗannan tsofaffin, nawa tazarar ba daidai take ba amma ba ta taɓa cin hoto ba, wannan bai dame ni ba. Tsagar ce dai. Ko bayan gyaran ban yarda da ita ba, in zan fita sai na haska tocila, in na zare farantin kuma sai na kifa hulata a wurin. Kawu in ya gan ni kai ba hula cikin rana sai ya ce, "Ina labarin mai giwan ruwa?"