Na tura bot ƙirgar mutane, ya dawo mini da abin da ban aike shi ba

Abin da ya kai ni ga wannan aiki bai taka kara ya karya ba. Ina cikin masu kula da wani kundin intanet na masoya wani wasan kwamfuta, irin wanda kowa ke iya shiga ya gyara. So muke mu san su wa ke aiki da gaske, su wa kuma suka yi rajista suka ɓace, musamman masu riƙe da muƙamin kulawa da aka daɗe ba a ga ƙeyarsu ba. Bi ɗaya-ɗaya da hannu ba zai yiwu ba, sai na rubuta ɗan bot, wato ƙaramar manhaja mai yin aiki da kanta, da harshen kwamfuta na Python ya ɗauke mini wahalar.

Kundin namu a kan MediaWiki yake, manhajar da Wikipedia ke tafiya a kanta, haka ma Fandom da Jimmy Wales da Angela Beesley suka kafa a 2004. Tana da ƙofar da ake kira API: ka aika tambaya, ta ba ka amsa a tsare. Da tambayar list=allusers za ka samu sunaye da ranar rajista da yawan gyare-gyare, list=usercontribs kuwa zai zayyano maka duk gyaran da mutum ya yi, har da daƙiƙar da ya yi shi.

Karon farko na samu sunaye 500 cif, ina ta murna, ban lura duk a haruffan farko suka tsaya ba. Ashe iyakar abin da ake ba asusun gama-gari ke nan a tambaya ɗaya, asusun da aka amince da shi a matsayin bot kuwa yana samun 5000, kuma sai ka bi alamar continue kafin a ba ka sauran. Da na gyara sai na wuce gona da iri, ina antaya tambayoyi ba hutu, har saba, kwamfutar da ke ɗauke da kundin, ta fara mayar mini da lamba 429, wato na cika ta. Laifina ne. Na sa jinkiri tsakanin tambayoyi, na rubuta sunan bot ɗin da hanyar samuna a User-Agent, layin da manhaja ke gabatar da kanta ga saba, komai ya daidaita.

Matsalar gaskiya sai da teburin ya cika ta fito. Don son burgewa na ce bot ya kwaso har da shafukan da mutane ke rubuta bayanin kansu, ya kuma jera gyare-gyaren kowa bisa awa. Na tsaya a kan layin wani editanmu mai ƙwazo. Litinin zuwa Juma'a ba ya taɓa komai sai a wasu awanni shida a jere, Asabar da Lahadi kuwa yini yake yi, sannan ya yi shiru na makonni a lokaci guda kowace shekara. Da yake lokutan a agogon UTC na bai-ɗaya na duniya suke, lissafi kaɗan ya nuna mini ɓangaren duniyar da yake, da lokacin barcinsa, da cewa ɗan makaranta ne. Can ƙasa kuma ga wata rana da ya manta bai shiga asusunsa ba, ya yi rubutu da adireshin IP ɗinsa, wato lambar da na'urarsa ke shiga intanet da ita, a fili, bayan minti ɗaya ya dawo ya sa hannu da sunansa. Bot ya ajiye su kafaɗa da kafaɗa. Sai na ji jikina ya yi sanyi.

Na nuna wa wata abokiyar aikina da ta riga ni zama mai kulawa, ina kare kaina da cewa ai duk a fili suke.

Ta ce, "Malam, a fili suke amma a warwatse. Kai ka tara su wuri ɗaya."

Ta tuna mini cewa CheckUser, kayan aikin da ke nuna IP na masu asusu, mutane ƙalilan ake ba wa, kuma a tsarinsa na asali bayanan kwana 90 kawai yake riƙewa. Nawa fayil ɗin ba shi da wa'adi, ga shi zaune a kwamfutata ba ko kalmar sirri. Muna kuma da editoci a Turai, inda dokar kare bayanan mutane ta GDPR da ta fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018 ke lissafa adireshin IP cikin bayanan mutum. Ni da na ɗauka aikin ƙirga nake yi.

A daren na goge fayil ɗin, har da kwafin da na tura wa kaina ta imel, wanda saura ƙiris in manta da shi. Na sake rubuta bot ɗin ya ɗauki abu uku kacal: suna, yawan gyara, da watan da mutum ya yi gyaran ƙarshe, ba rana ba awa. Gyare-gyaren marasa asusu na cire su gaba ɗaya. Kafin in sake kunna shi na rubuta wa jama'ar kundin abin da zai ɗauka da ranar da za a goge, na jira mako guda. Mutum ɗaya ya ce a cire sunansa, na cire ban tambaye shi dalili ba.

Jerin da ya fito gajere ne, kuma shi muka bi muka aika wa masu kulawar da suka yi shiru saƙo, muna tambayarsu ko har yanzu suna son riƙe muƙamin.