Kadangarun katangarmu da baƙon ƙarƙashin itace

Tun da muka tare a gidanmu da ke bayan garin Gombe na saba da zama a gindin zogale da hantsi, ina kallon kadangaru suna shan rana a kan katanga. Akwai wani jan gwada da ya mayar da kusurwar gabas gidan ubansa. Da zarar wani namijin ya doso, sai ya ɗaga gabansa yana gyaɗa kai da sauri, in abokin hamayyar bai ja da baya ba su shiga zabga wa juna wutsiya. Wannan jan kan nasa yakan ƙara fitowa idan rana ta gasa shi, da yamma kuma ya dusashe. Da damina na taɓa ganin macen tana tona rami a fangalin tumatir, ta zuba ƙwai ta rufe da ƙasa, ta yi tafiyarta.

Ban taɓa ganin ɓarnarsu a lambun ba, sai dai cin tururuwa da gara da fara. Laifinsu ɗaya ne, kashinsu yana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke kawo gudawa, shi ya sa ba a barin randa a buɗe a gidana. Masu cewa kadangaren bakin tulu sun san abin da suka gani.

Abin da ke damuna shi ne yadda yara ke rufe kulɓa da jifa duk inda ta gilma, saboda an gaya musu cizonta ba ya jin magani. Kulɓa ba ta da dafi, santsin jikinta da ƙyallinsa ne kawai ke sa a ɗauke ta 'yar uwar maciji. Haka hawainiya, wadda ke tafiya a kan rama kamar mai tausayin reshe, ita ma ƙwari take kamawa da dogon harshenta. Muna ƙarar da tsoronmu a kan waɗannan bayin Allah, alhali mai haɗarin gaske yana kwance inda ba mu dubawa.

Na gane haka ne wata safiya bayan ruwan dare, lokacin da na sa hannu zan ɗebi itacen da muka jibge kusa da akurkin kaji. Wata ƙara na ji kamar an ɗiga ruwa a tukunya mai zafi, na ja da baya, sai ga kububuwa ta naɗe tana goga jikinta da jikinta. Ba ta kai tsawon hannuna ba, kuma launinta ya saje da ƙasa ƙwarai. Dafinta yana hana jini daskarewa, har mutum ya riƙa zubar da jini ta dasashi, kuma ita ce ke saran yawancin manoma da makiyayan da ake kaiwa asibitin saran maciji na Kaltungo. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa sakaci, kuma duk wanda ya zauna a yankinmu zai ce an yi daidai.

Ranar na tara iyalina na gaya musu cewa idan tsautsayi ya afka, ba a ɗaure wurin da igiya, ba a tsaga shi da reza, ba a tsotsa, sai dai a hana mutum yawan motsi a garzaya da shi asibiti. In gamsheƙa ce ta tofa a ido, a wanke da ruwa mai yawa kafin a tafi. Daga nan muka ɗora itacen a kan dakali nesa da ɗakin kwana, muka toshe ramukan ɓeraye, muka nome ciyawar bayan bayi, kuma na rataye tocila a ƙofar kowane ɗaki domin mai fita da dare.