Ciwon dasashin kyanwa: inda antibayotik yake da amfani da inda yake ɓata lokaci

Abin yakan fara ne da warin baki. Daga nan sai a ga kyanwa ta zo gaban kwanonta da yunwa, ta ɗauki loma ɗaya, ta saki, ta yi ƙara ta ja da baya. Yawu na dalala, wani lokaci da jini-jini, ta daina lasar jikinta har gashin ya cukurkuɗe. A kai ta wurin likitan dabbobi, a ba ta antibayotik, cikin 'yan kwanaki ta koma cin abinci, hankalin mai ita ya kwanta. Magani na ƙarewa, ba a rufa sati uku ko wata guda ba, sai ciwo ya dawo inda yake. A sake karɓo wani. Akwai kuliyoyin da suke shekaru a wannan zagayen, kuma duk tsawon lokacin bakinsu lalacewa yake yi daga ciki.

Dalilin dawowar ciwon yana jikin haƙorin ne. Dattin da ke manne wa haƙori ba ragowar abinci ba ne kawai. Bakteriya ne da suka taru suka lulluɓe kansu da wani yauƙi mai danƙo, kuma a cikin wannan lulluɓin suna jure maganin da zai kashe su nan take da a warwatse suke. Ga shi kuma maganin da kyanwa ta haɗiya ta jini yake bi, fuskar haƙori ta waje kuwa babu jijiyar jini. Saboda haka maganin yana isa naman dasashi, ya rage kumburi da wari, amma matattarar tana nan daram. Yauƙin yakan sake taruwa cikin sa'o'i kaɗan bayan an goge shi, idan kuma aka bar shi kwanaki sai ma'adanan yawu su daskarar da shi ya zama kamar dutse. Wanda ake gani a waje ba shi ne ya fi ɓarna ba, wanda ya shige ƙarƙashin dasashi ne. A lafiyayyen bakin kyanwa, zurfin ɗan ramin da ke tsakanin haƙori da dasashi ba ya wuce milimita 1. Idan ma'auni ya nutse fiye da haka, abin da ke riƙe da haƙorin ya fara cinyewa.

Cuta biyu ce ake yawan gwamutsawa, alhali makomarsu ta bambanta. Ta farko ita ce ciwon dasashi da kowa ya sani: ja a gefen haƙori, wanda idan aka kankare dattin da wuri yake warkewa sarai. In aka bar shi sai ya gangara ya ci ƙashin muƙamuƙi, shi kuwa ƙashin da ya tafi ba ya dawowa. Ta biyu ta fi muni. Kumburin yana tsallake dasashi ya bazu zuwa can ƙuryar baki, inda muƙamuƙin sama da na ƙasa suka haɗu, wurin ya yi jawur, ya yi tsiro-tsiro, taɓawa kaɗan sai jini. A nan garkuwar jikin kyanwar ce take wuce gona da iri wajen yaƙar ɗan dattin da wata kyanwar ba za ta ko ji shi ba. Sau da yawa akan sami bairos ɗin kalisi a bakin irin waɗannan kuliyoyi, wasu kuma suna ɗauke da bairos ɗin FIV ko FeLV masu raunana garkuwa, kuma an fi ganin cutar a gidan da kuliyoyi suka yi yawa. Antibayotik ba ya taɓa bairos, ba ya kuma saita garkuwar da ta rikice.

Daɗewa ana ba da shi kuma ba kyauta ba ne ga jikin dabbar. Amoksisilin mai haɗin kilabulanik da kilindamaisin, waɗanda aka fi rubutawa don baki, suna kashe bakteriya masu amfani na hanji, sai amai da zawo da ƙin abinci su biyo baya, ga dabbar da dama ba ta ci. Doksisaikilin da kilindamaisin suna da wani haɗari na daban: idan aka tura ƙwaya ko kafso a bushe, yakan tsaya a bututun abinci ya ƙona shi, wurin ya warke da tabo ya tsuke, kyanwa ta riƙa dawo da duk abin da ta haɗiya. Shi ya sa ake bin kowace ƙwaya da ruwa kamar mililita 6 ta sirinji, a hankali ta gefen baki, ko a ba ta ɗan abinci nan take. Metronidazol, idan ya yi yawa ko ya daɗe, yana taɓa ƙwaƙwalwa: tangaɗi, karkacewar kai, har farfaɗiya. Enrofuloksasin kuwa yana iya makantar da kyanwa makanta ta dindindin, shi ya sa ba a wuce miligiram 5 a kowane kilo na nauyinta a rana. Allurar antibayotik ta Convenia tana da daɗin sha'ani domin sau ɗaya ake yi ta yi aikin kwana 14, amma ragowarta na iya kaiwa wajen kwana 65 a jiki. In ba ta karɓi kyanwar ba, babu yadda za a janye ta.

Abin da ya fi damuna shi ne tsarin nan na ba da antibayotik sati ɗaya a kowane wata, har illa masha Allahu. Babu hanyar da ta fi wannan koya wa bakteriya jure magani: a kashe masu rauni, a bar masu taurin kai su hayayyafa, a sake maimaitawa. Ranar da kyanwar ta kamu da cutar mafitsara ko wani rauni ya ruɓe, sai a tarar maganin ya daina ci. Waɗannan bakteriyar kuma ba a bakinta suke tsayawa ba, domin tana lasar hannun mutanen gida, tana kwana inda suke kwana, kuma yawancin magungunan nan dangin waɗanda mutane ke sha ne.

Wannan ba ya nufin antibayotik ba shi da gurbi. Yana da shi idan akwai ƙurji mai mugunya da kumburin fuska, ko zazzaɓi, ko cutar ta shiga ƙashi, ko garkuwar dabbar ta yi rauni ƙwarai kuma za a yi mata aiki. A nan ana ba da shi na ƙayyadadden lokaci, galibi sati ɗaya zuwa biyu, tare da ranar da aka tsayar ta gyaran bakin. Cutar ƙashi ce kawai takan ja lokaci fiye da haka.

Gyaran gaskiya sai an sa kyanwa barci, da bututun numfashi a maƙogwaro don kada ruwa da datti su faɗa huhu. Kafin nan a auna jini a ga lafiyar ƙoda da hanta, a gwada FIV da FeLV. Ciwon ƙoda da ya yi nisa shi ma yana kawo gyambon baki da wari, kuma maganinsa daban. Idan kumburin gefe ɗaya ne, ko akwai tsiro mai tauri, musamman ƙarƙashin harshen tsohuwar kyanwa, a yanki ɗan nama a kai ɗakin gwaji, domin kansar baki takan fara da kamannin ciwon dasashi. Sannan a kankare sama da ƙarƙashin dasashi, a auna kowane haƙori, a ɗauki hoton eksire na baki duka. Hoton nan dole ne. Kuliyoyi suna yawan fama da wata cuta da ke zaizaye haƙori tun daga saiwa, ido kuma ba ya ganin saiwa.

Ga mai kumburin ƙuryar baki, abin da ya fi ba da sakamako shi ne cire haƙora. Babbar kyanwa tana da haƙora 30. Akan fara da na tauna guda 14, takwas a sama shida a ƙasa, a bar fiƙoƙi huɗu da ƙananan na gaba 12 idan dasashinsu lafiya yake. In su ma sun kamu, a cire duka. Yawancin na taunar saiwa biyu gare su, babban na sama uku, kuma saiwoyin sirara ne masu saurin karyewa. Don haka ake ɗaga dasashi, a raba haƙorin da injin yanka, a zaro kowace saiwa ita kaɗai, a goge kaifin ƙashi, a ɗinke da zaren da ke narkewa, a sake ɗaukar hoto. Guntun saiwa ɗaya da aka bari ya isa ya riƙe kumburin, kuma shi ne abu na farko da ya kamata a nema idan an ce an cire haƙora amma ba sauƙi.

Masu kyanwa sukan firgita da jin wannan, suna tambayar da me za ta ci abinci. Kyanwa ba ta niƙa abinci kamar mutum, yagewa take ta haɗiye. Da yawa cikinsu suna komawa cin busasshen abinci ma bayan baki ya warke. Sai dai a faɗi gaskiya, ba kowace ce ke warkewa ba. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2015 kan kuliyoyi 95 ya nuna kusan kashi 28 cikin ɗari sun warke sarai, kashi 39 sun sami sauƙi sosai, sauran kuwa sauƙin kaɗan ne ko babu. Yawancin waɗanda suka amfana ma sai da suka ci gaba da shan magani na wani lokaci bayan aikin, kuma jan yakan ɗauki watanni kafin ya washe.

A wannan tsakanin, maganin zafi ya fi antibayotik muhimmanci nesa ba kusa ba. Likita yakan ba da bufurenofin da ake ɗigawa a gefen kumatu, ko gabafentin, ko meloksikam idan ƙoda lafiya take. Ba a haɗa meloksikam da sitiroyid, wato maganin kwantar da kumburi, domin haɗin yana huda ciki. Farasitamol kuwa guba ne ga kyanwa, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Allurar sitiroyid mai daɗewa tana kwantar da baki kamar an yi ruwa an ɗauke, amma kowace ta gaba ba ta kai ta baya aiki, kuma tana iya jawo ciwon suga. Waɗanda cire haƙora bai wadatar da su ba, akan gwada musu saikulosforin ko intaferon omega na kuliyoyi, magungunan saita garkuwar jiki, da sa idon likita da gwajin jini. Kuma duk kyanwar da ta kwana biyu ko uku ba ta ci komai ba, a koma da ita asibiti ba tare da jira ba, domin kitse yakan taru a hantarta. In ta kama, a sa mata bututun ciyarwa ta wuya na ɗan lokaci.

Haƙoran da suka rage suna bukatar gogewa kullum, amma sai bayan baki ya daina ciwo. Wanda ya cusa buroshi a kumburarren dasashi, kyanwarsa ba za ta sake yarda da hannunsa ba. A fara da ɗan man goge bakin dabbobi a kan yatsa ta lasa, bayan kwanaki a shafa a gefen haƙori, sannan a kawo ƙaramin buroshi mai laushi. Gefen da ke fuskantar kumatu ake gogewa, rabin minti ya isa. Man goge bakin mutane ba ya yi, domin yana da fuloraid da kumfa, ita kuma ba ta iya tofarwa. Inda buroshi ya gagara, a shafa maganin kashe bakteriya na baki, kilohezidin, mai ƙarfin kashi 0.12 cikin ɗari, a kuma riƙa auna nauyinta duk sati biyu, domin rama takan nuna dawowar ciwon tun kafin a ji wari.