Asabar a Zariya: zaɓen dogon gilashi da maleƙinsa

Hazon hunturu ya ɗan ja baya yau. Tun da hantsi ana hango Dutsen Kufena sarai, kuma irin wannan rana ake so in za a gwada dogon gilashi. Kyamarori biyu na ajiye a kan tebur, Canon P ta 1959 da Zorki 4 ƙirar Tarayyar Sobiyat, duk na fim, duk masu awon nisa, duk bakinsu, inda ake ɗaura gilashin ɗaukar hoto, na murɗawa ne mai faɗin milimita 39. Gilasai uku ne za a zaɓi ɗaya a cikinsu: Jupiter-9 mai 85mm f/2, Jupiter-11 mai 135mm f/4, da Canon 100mm f/3.5 (mm na nuna yadda gilashi ke jawo abu kusa, f kuma buɗin ƙofar haskensa: ƙaramar lamba, babban buɗi). Abin da ake nema shi ne wanda zai ɗauko fuskar mahayi a hawan Sallah ba sai an kutsa gaban doki ba.

A irin wannan kyamara ba ta cikin gilashin kake leƙe ba. Taga biyu ce a gaba, kowace da hotonta, kana murɗa gilashi har hotunan su hau kan juna. Tazarar da ke tsakanin tagogin, in an ninka ta da girman da maleƙi, wato tagar da ake sa ido a leƙa, ke nuna abu, ita ke yanke iyakar daidaiton saiti. A Canon P wajen milimita 41 ne, a Leica M3 kuwa wajen 62, shi ya sa M3 ke ɗaukar 135mm cikin sauƙi. To ka ɗauki 85mm a f/2, mutum na tsaye mita ɗaya da rabi: abin da zai fito tsaf bai wuce zurfin santimita 4 ba. Ka kuskure kaɗan, kunne ya fito, ido ya dushe.

Jupiter-9 gilashin Sobiyat ne mai kyau, tsarin gilashin Sonnar na kamfanin Zeiss aka bi aka ƙera shi, kuma yana yi wa fata adalci. Matsalarsa a kan Canon ita ce ma'auni. Leica da Canon sun gina awonsu kan gilashin milimita 51.6, na Tarayyar Sobiyat kuwa kan 52.4. A nesa ba ka ganin bambancin, amma da an matso kusa sai saitin ya faɗa bayan abin da ka nufa. Gwajin bai da wuya. Na kafa kyamarar a kan ƙafa uku, na buɗe bayanta, na manna takarda mai shara-shara a kan layukan da fim ke kwanciya, na sa gudun labulen da ke buɗe wa fim haske a B, inda ba ya rufewa sai an sake shi, na riƙe shi a buɗe. Na jingina tef ɗin awo a karkace, na tsaida ashana a tsakiyarsa, na saita a kanta. Da madubin ƙara girma aka ga lambobin da suka fi fitowa suna bayan ashanar. A kan Zorki kuwa ya zauna daidai. Saboda haka Jupiter-9 na Zorki ne, sai dai in za a rufe shi zuwa f/4, kuma wanda zai yi haka ya ɗauki nauyin f/2 a banza.

Jupiter-11 bai ɗauki lokaci ba. Yana da kaifi, ga arha, amma ba ya saita abin da bai kai mita biyu da rabi ba, kuma 135mm na son gudun labule na 1/250 na daƙiƙa in a hannu za a riƙe. Mai saye ya lura: akwai irinsa da aka yi wa tsohuwar kyamarar Zenit, bakinsa shi ma 39 ne, zai murɗu ya shiga, amma ba ya taɓa hannun awon nisa da ke cikin bakin kyamara, hoto ba zai taɓa fitowa ba.

Canon 100mm ɗin ƙarami ne, ba nauyi, yana saitawa tun daga mita ɗaya, kuma a kan Kufena hotunan biyu sun haɗu daidai lokacin da zoben ya tsaya a ƙarshe. Inda ake jin tsoronsa shi ne hazon ciki. Man da ke jikin ganyayen ƙofar haske kan yi tururi ya kwanta a gilashin da ke kusa da su, in ya daɗe har ya ci fuskar gilashin, gogewa ba ta fitar da shi. Ana buɗe ƙofar gaba ɗaya, a haska tocilar waya daga baya a karkace, a duba ta gaba. Ƙura ƙwaya-ƙwaya ba komai ba ce, nan Zariya ba gilashin da ya tsira daga ita. Fari-fari kamar hayaƙi, ko zare-zaren fumfuna da damina ke haifarwa a jakar fata, su ne abin gudu. Wannan ya fito tas. Kada dai a ɗora shi a kan Zorki da ƙarfi: hannun awon Zorki mai tsini ne, ba ’yar taya ba ce irin ta Canon, yana iya sarƙewa da harshen da ke bayan wasu dogayen gilasan Canon da na Leitz, masu ƙera Leica.

Sai maleƙi. Canon P na da layukan iyaka na 35, 50 da 100 a cikinta, suna gyara kansu yayin da kake saiti, don haka da gilashin 100 ba a bukatar ƙarin komai. Zorki 4 ta 50 kaɗai ta sani, dole a sa mata na waje a mazaunin filasha. Maleƙi mai juyawa na masana'antar KMZ ta Sobiyat yana da idanu biyar, 28, 35, 50, 85 da 135. Iri biyu ne, ɗaya ya karkata hagu ɗaya dama. A nemi wanda bai rufe maɓallin gudun labule ba. Muhimmin abu shi ne alamar nisan da ke jikinsa. Maleƙin na zaune wajen santimita 6 sama da gilashi, alhali 85mm a mita ɗaya da rabi tsayin kusan santimita 40 yake ɗauka. In ba a murɗa alamar ta dace da nisan ba, a ido rawani ya shiga, a fim an yanke shi. Ga mai Leica ta murɗawa, maleƙan SGVOO na 90 da SHOOC na 135 sun fi haske nesa ba kusa ba, ana leƙensu ido biyu a buɗe, sai dai kuɗinsu.

Na tsaya a kan Canon P da 100mm. Aiki ɗaya ne a taga ɗaya, kuma doki ba ya jiran a saita a nan a koma a leƙa can. Na sa fim mai ISO 100 (ma'aunin saurin kama haske), zan fara da 1/250 a f/8 da rana. Saura hular gilashi, don tsohon shafin da ke kansa ba ya jure rana ta gefe. Zorki kuma na rufe mata baki kafin in fitar da ita tsakar gida, domin labulenta na yadi ne, gilashi a buɗe yana fuskantar rana zai huda shi cikin ɗan lokaci.