Lokacin da ya dace malamin Turanci ya fara neman aiki a ƙasashen waje

Shekara bakwai na yi ina koyar da Turanci a wata makarantar sakandare a Jos kafin na yi niyyar gwada sa'ata a ƙetare, kuma a karon farko rashin sanin lokaci ne ya kayar da ni. Sai da aka ba da dogon hutu a ƙarshen Yuli na fara aika takardun neman aiki zuwa Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, alhali makarantunsu suna komawa ne a ƙarshen Agusta, kuma yawancin masu biya da kyau sun riga sun ɗauki malamansu tun tsakanin Janairu da Afrilu. Da na kai kukana ga wani dattijon abokin aiki da ya taɓa koyarwa a can, murmushi ya yi, ya ce: "Malam, ai ka je kasuwa ne bayan ta watse."

Kowace ƙasa da kalandarta. Japan tana buɗe shekarar karatu a Afrilu, Tailan a tsakiyar Mayu, Sin da Turkiyya kuwa a Satumba. Koriya ta Kudu tana farawa a Maris, sai dai ban ga dalilin da zai sa ɗan Najeriya ya ɓata lokacinsa a kanta ba, domin bizarta ta E-2, idan ta koyar da Turanci ce, ana bayar da ita ga 'yan wasu ƙasashe ƙalilan, kuma daga nahiyarmu Afirka ta Kudu ce kaɗai a cikinsu.

Abin da ya fi cin watanni shi ne takardu, saboda haka daga ranar buɗe makaranta ya kamata mutum ya fara lissafi yana komawa baya. Dole a tantance shaidar digiri a Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, a kai ta Ma'aikatar Harkokin Waje, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za a je ya buga nasa hatimin, kuma duka a Abuja ake yi. Sau uku na shiga motar asuba daga Jos, sanyin hunturu yana ratsa ni, ina rungume da ambulan a ƙirji don kada ta lanƙwashe. Kafin wannan ma akwai kwas ɗin TEFL ko CELTA, wato horon koyar da Turanci ga waɗanda ba harshensu ba ne, wanda aka saba neman na sa'o'i 120, ga fasfo da ake so ya kasance da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare.

Takarda ɗaya ce gaggawa take cutarwa a kanta, wato shaidar rashin aikata laifi ta 'yan sanda. Wa'adinta gajere ne, kuma ni da na karɓe ta da wuri don na huta, ta ƙare kafin a zo maganar biza, na sake biyan kuɗi. A kuma lura da azumi: a ƙasashen Larabawa ana rage sa'o'in aiki a Ramadan, hutun Sallah ya biyo baya, saƙon da ake amsawa cikin kwana biyu sai ya ɗauki makonni.

A zagaye na biyu, tun Oktoba na haɗa takarduna, na fara aikawa a makon farko na Janairu. A Fabrairu aka yi min ganawa ta intanet, ina zaune a ofishin malamai bayan an tashi, da wayar maƙwabcina a gefe ko da tawa za ta mutu.