Satin da yaro ya daina shan Tramol

A Gombe, in aka kama yaro da Tramol ko kwalbar kodin, abin da aka saba shi ne a lakaɗa masa duka, a ƙwace ƙwayar, a kulle shi a ɗaki. Iyaye su ɗauka an gama, alhali a lokacin ne ran yaron ya fi shiga haɗari.

Bayan rage zafin ciwo, Tramol yana taɓa sinadaran ƙwaƙwalwa masu daidaita yanayin zuciya. Shi ya sa yaron da ya faɗi JAMB, ko wanda gidansu ba kwanciyar hankali, yake jin sauƙi in ya haɗiya. Tramol ɗin da hukuma ta amince da shi mai 50 ne da mai 100mg, amma na tasha mai 200 ne ko 225, jiki kuma ba ya daɗewa yake sabawa.

In aka tsayar da shi farat ɗaya, cikin kwana guda zufa, gudawa, ciwon gaɓoɓi da rashin barci za su taso. Waɗannan sukan lafa cikin sati. Fargaba da baƙin ciki kuwa sukan yi makonni, ga damuwar farko ta dawo, ga gorin "ɗan ƙwaya" a gida da unguwa. A nan tunanin kashe kai yake shigowa. Kuma jikin da ya huta ba ya ɗaukar adadin da ya saba, in ya koma sha numfashi na iya tsayawa, musamman in ya haɗa da ƙwayar sa barci ta diazepam.

Kada a raina kalamai irin su "gara in mutu ku huta", ko rabar da kayansa, ko neman gafara ba dalili. A keɓe shi a tambaye shi kai tsaye: "Kana tunanin kashe kanka?" Tambayar ba ta cusa masa tunanin. In ya ce eh, a kwashe magunguna da maganin ƙwari daga gidan, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe a ranar. Likita zai rage ƙwayar sannu a hankali, ya kuma duba ciwon damuwar. Addu'a tana tafiya tare da wannan. Mari da sarƙa kuwa ƙara rura wutar suke yi.

In an same shi ba ya farkawa, numfashi sama-sama, ko yana jijjiga, a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa madara ko manja don zai shaƙe. A garzaya asibiti da kwalin abin da ya sha, a faɗi gaskiya, don su san ko za su yi masa allurar naloxone, mai karya ƙarfin irin waɗannan ƙwayoyi.